Laimar Auta

Zuwa ga taubashina Malam,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da uwargidanka da yara. Yaya ciwon bayan nan naka? Na sha gaya maka ka daina ɗaukar littattafai kamar jakin kasuwa, ba ka ji. Ni ma lafiya lau, in ban da hannuwa da sabulu ya cinye. An ƙaro mana injin wanki ɗaya a asibitin, aka kuma ƙaro gadaje, saboda haka aikin yana nan yadda yake: zanen gado ya shigo da datti, ya fita fari, gobe ya dawo.

Bayan haka, ga abin da ya sa na ɗauki biro. A ƙasan wasiƙarka ta baya, inda Auta take rubuto mini ’yan layukanta, na ga ta ce ka ba ta ’Yar Mai Lambu a wasan kwaikwayon makaranta na bana. Malam, a duk wasannin da ke cikin kabad ɗinka ba ka ga wanda za ka ba ’yata ba sai wannan? Ka manta tare muka karanta shi a aji? Yarinya ’yar shekara goma sha shida ta ga ɗan maƙeri a bakin lambun ubanta, ta kamu, aka kwashe shi zuwa yaƙi, suka yi bankwana a ƙofar lambu. Daga nan ta ƙi ci ta ƙi sha, tana hira da itatuwa, har ta mutu kafin lemon lambun ya nuna. Mu ’yan mata mun jiƙa littafin da hawaye, kai kana can bayan aji kana mana dariya.

Kai ka ɗauke shi abin jarrabawa. Ni na san gaskiya ne. Wanda ya rubuta shi ya bar duniya tun kafin a haifi kakanninmu, amma ya san zuciyar yarinya a waɗannan shekaru. Auta ma sha shida take. Za ka tsayar da ita kullum da yamma a gaban ɗa namiji, ka sa mata kalaman nan a baki, ka ce ta maimaita har ta haddace, kuma kana zaton a baki za su tsaya?

Ka san yayyenta sun kama gabansu, mahaifinta kuma Allah ya yi masa rasuwa. Ita kaɗai ta rage mini. Na bar ta a hannunka na taho aiki a wannan asibiti na kan dutse don ta yi karatu, kuma ’yan layukan nan nata su ne abin da nake jira duk ranar da motar wasiƙa ta hawo. Ina tsoro, ban ɓoye maka ba. Ka cire ta, ko ka ba ta wani wuri, ko da itace ce a cikin lambun.

Ni ce taubashiyarka,
Uwar Auta

*

Zuwa ga Uwar Auta, sarauniyar kumfa,

Takardarki ta iso da ƙamshin sabulunta, har uwargida ta ce mu ajiye ta cikin kayan sawa. Muna lafiya gaba ɗaya. Ciwon baya ya zama ɗan gida, ba ma gaisawa. Uwargida ta ce ki riƙa shafa mai a hannuwan kafin ki kwanta, kuma ki daina taurin kai ki sa safar roba.

Yanzu maganar ’Yar Mai Lambu. Ashe har yau ba ki daina kukan nan ba? Shekara da shekaru ina koyar da wasan nan, kuma duk shekara ina ƙara tabbata cewa marubucinsa bai taɓa zama a aji da ’yan sha shida ba. Harshensa zuma ne, shi ya sa nake koyar da shi. Amma zancen soyayyarsa, ki bar shi inda kika gan shi. Son ’yan sha shida mura ce, ta zo da atishawa, ta tafi kafin a shanye maganin. Na ga yaron da ya zo ofishina yana rantsuwa ba zai ƙara dariya ba a duniya saboda wata ta ƙi shi. Zango na gaba aka sa shi cikin ƙungiyar ƙwallo, ko sunanta sai da aka tuna masa. A ajina ban taɓa ganin mai hira da itace ba, ban kuma taɓa ganin wadda ta bar abincin rana saboda wani ba.

Duk da haka ni ba sakarai ba ne. Tun da na fara shirya wasa ina da doka: ba na haɗa masoyan dandamali sai daga cikin waɗanda ba sa ga maciji da juna. Wanda zai fito a ɗan maƙeri shi ne Dogo, ɗan mai gyaran agogon nan na layin shagunan bayan tasha. Shi da Auta tun ajin farko suke kamar kaji biyu a akurki ɗaya. Tana kiransa Falwaya saboda tsayinsa, shi kuma yana kiranta Rediyo, wai ba a taɓa kashe ta ba tun da aka kunna. Ba laifinsa ba ne, kin san ’yarki, idan ta fara surutu ko makaranta ta tashi ba ta sani. Sau nawa na raba su a kan kujerar bakin taga? Idan akwai yaron da za ki kwana da idonki biyu a rufe a kansa, to shi ne.

Ba zan cire ta ba. Ita ce ta fi kowa murya, kuma idan na sa ta a itace, itacen zai fi kowa magana. Na yi miki alkawari zan sa ido. Zuwa yanzu dai ci take kamar mai aikin gini.

Ga takardar nan na ba ta, tana tsaye a kaina tana karanta abin da nake rubutawa.

Naki,
Malam

Umma, ina gaishe ki. Kada ki ji maganar Kawu, ba na ci da yawa, shi ne yake ƙirga mini loma. Wasan nan ni ko a jikina. Wai da Falwaya aka haɗa ni! Umma, da za ki ga wuyansa cikin hular kwali ta sojoji, wallahi sai kin faɗi don dariya. Jiya ya manta layinsa ya tsaya baki buɗe kamar kifi. Kuma ya ɗauke mini laimar nan da kika aiko, wai zai duba ƙarfen da ya karye, alhali ban ce ya taɓa ba. Ɓarawo ne kawai. Don Allah ki aiko mini da safa.

*

Uwar Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar aiki. Amsarki ta iso, na gode da kika sauko daga dokin naƙi. Yara sun yi mura sun warke, mu manya muna nan.

Tambayoyinki kuwa, kamar na likita: tana ci? Tana ci. Tana barci? Sai an buga ƙofa. Tana ajiyar zuciya? A’a. Tana tsayawa a taga tana kallon sama? Tagar ɗakinta bangon maƙwabta take kallo. Tana rubuta waƙoƙi? Ko aikin gidan da na ba su ba ta rubuta ba. Duk alamomin da wasanki ya lissafa na bi su ɗaya bayan ɗaya, babu ko ɗaya.

Damuwata ma akasin taki ce. A wurin gwaji, duk fitowar da take faɗa da ubanta mai lambu, ko take korar awaki daga cikin shuka, kamar a kan dandamali aka haife ta. Amma da zarar an zo ƙofar lambu sai ta zama katako. Ba ta kallonsa. Takalminsa take kallo, ko silin. Layin nan da ke sa ku kuka, “Idan ka juya, kada ka waiwayo, don idan ka waiwayo ba zan iya sakinka ba,” zubo shi take da gudu kamar an aike ta cefane. Na ce, “Auta, ki kalle shi mana.” Ta ce, “Kawu, in kalli me? Kunnuwan?” Shi kuma ya tsaya yana murɗa hular kwali har ta yage. Kaina ya ɗau zafi ranar, na kore su duka. To kin ga inda tsoronki ya ƙare.

Ga kuma wani labari da zai ƙara kwantar miki da hankali. Za a rushe layin shagunan bayan tasha don faɗaɗa titi. Mutane na zaton mai gyaran agogo kasuwar gaba zai koma, amma ba haka ba ne. Ya samu wuri wajen ƙaninsa a wani gari mai nisa can bakin teku, za su tashi gaba ɗaya. Yaron ne ya roƙi uban a jira ranar wasa, saboda haka da yammar ranar motar kaya za ta kwashe su. Shi da kansa ya same ni a ofishin malamai ya gaya mini. Da ya gama sai ya ƙi fita, yana ta sosa ƙeya.

Ya ce, “Malam, ina so ni zan gaya wa Rediyo da kaina.”

Na ce, “Me ya haɗa ka da ita?”

Ya ce, “Ba komai. Laimarta tana wurina.”

Na tuna masa dokata ta biyu, wadda duk ’yan wasana suka sani: ba a kai wa ɗan wasa labari kafin ya hau dandamali. Na taɓa ganin wasa ya watse saboda an gaya wa yarinya kyanwarsu ta ɓata. Na ce ya riƙe bakinsa sai labule ya sauka, daga nan ya gaya wa duk wanda ya ga dama. Ya yi mini alkawari, kuma yaro ne mai cika magana. Wannan shafin zan naɗe shi kafin in ba ta na ƙarshe.

Naki,
Malam

Umma, safa ta iso, na gode. Falwaya ya ce wai irin ta ’yan ƙwallo ce, shi da takalminsa ya buɗe baki yana neman abinci. Kin san wai da kunne kawai yake gane agogon da ke gudu? Ya kara na Kawu a kunnensa ya ce yana sauri, aka duba kuwa haka ne. Sai wani ɗaga kai yake. Kawu ya dame ni wai in kalle shi a ido, ni kuwa da na kalla haushi ke kama ni. Har yanzu bai dawo mini da laimar ba.

*

Taubashina,

Ina gaishe ku da kyau, da fatan murar yara ba ta dawo ba. Nan ruwa ya fara sauka ba ƙaƙƙautawa, shanya ta gagara, duk barandar ɗakin wanki zannuwa ne a rataye suna ɗiga. Ƙafata ta dama tana kumbura da yamma, amma da sauƙi.

Na ji daɗin wasiƙarka, ban taɓa zaton zan yi murnar rushe shagon wani ba, Allah ya yafe mini. Na yarda babu komai tsakaninsu. Amma ina da sharaɗi ɗaya, kuma a kan wannan ba wasa nake da kai ba.

Kai da kake koyar da wasan, ka taɓa lura da abin da ya kashe yarinyar? Ba ganin farko ba ne. Bankwanan ne. Da an kwashe ɗan maƙeri ba ta sani ba, da ta yi fushi na ɗan lokaci ta koma ban ruwa. Tsayuwar nan a ƙofar lambu, yana riƙe da ƙyaure tana riƙe da shi, ita ce ta shiga jikinta ba ta fita ba. Yanzu ka duba: yara biyu sun gama furta waɗannan kalamai a gaban jama’a, ana ta tafi, sai kuma a ce musu ga rabuwa ta gaske a bayan labule. Ko babu komai, nan ne abu zai samu ƙofa.

Saboda haka labule na sauka ka kama hannunta ka kai ta gida. Kada ka bar shi ya tsaya da ita, ko a bakin ƙofa. Washegari ta ji a gari kamar kowa, ta ce Allah ya raka taki gona, ta ci gaba da karatunta. Ka bi dokokinka biyu, to ga ta uku daga uwarta.

Ka ce mata ta tsaya da kyau a dandamali, kada ta riƙa wasa da gefen mayafi. Da ma ina kusa.

Uwar Auta

*

Malam,

Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ban jira amsarka ba. Ruwa ya ci hanya, motar wasiƙa ta daina hawowa, wayar ofis ma ta mutu tare da hanyar. Direban motar asibiti zai gwada sauka ta tsohuwar hanya gobe, shi zan ba wannan ya jefa a gidan waya na farko da ya gani.

Ka manta da abin da na ce a wasiƙata ta baya. Na roƙe ka, ka manta da shi.

Yau muna ninke zannuwa da abokiyar aikina, wata dattijuwa da muke kama gefe da gefe, sai ta ce in ba ta labarin ’yata. Na buɗe baki na fara. Na ba ta labarin wuyan Dogo, da kunnuwansa, da takalminsa mai buɗaɗɗen baki, da yadda yake gane agogo da kunne. Ta tsaya da zane a hannu ta ce, “Ni ’yarki na tambaya. Wannan Dogon surukinki ne?” Malam, zanen sai da ya suɓuce mini. Na nemi abu ɗaya da Auta ta rubuto mini a kan kanta a watannin nan, ban samu ba sai safa.

Ka tuna abin da nake kiran mahaifinta kafin aurenmu? Kai ne kake kai masa saƙon zagina, kana ƙara naka. Na yi shekara ina yi wa kekensa dariya. Ban taɓa hira da itace ba, ban taɓa barin abinci ba, har ƙari nake yi. Abu ɗaya ne na kasa, kallon idonsa. Idan ya shigo zaure, takalminsa nake kallo. Ni da na yi wannan da kaina, na zauna ina neman alamu a cikin littafi.

Ba katako ba ce, Malam. Ta iya kowace fitowa saboda ƙarya ce, wannan ɗayar ce ta gagare ta.

Ka gaya mata yau, kada ka jira labule. Idan wasanka zai lalace, ya lalace. Ka bar yaron ya faɗa mata da bakinsa kamar yadda ya roƙa. Su tsaya a ƙofar gidanka da rana tsaka, kai ka ɗauko kujera ka zauna daga nesa da jaridarka. Ta zage shi son ranta, ya ba ta laimarta, ta ga tafiyarsa. Zai yi mata ciwo, na sani, amma kada a sace mata shi.

Hankalina ba zai kwanta ba sai na ji daga gare ka.

Uwar Auta

*

Zuwa ga Uwar Auta,

Gaisuwa da fatan ƙafar ta saɓe. Tun wasiƙarki mai doka ta uku ban ƙara jin ɗuriyarki ba, na ce ko ruwan ne. Mu lafiya, sai gajiya.

An yi wasa, an gama, kuma bari in fara da cewa na ci gardama. Ɗakin taro ya cika har ana tsayuwa a tagogi. Auta ta kori awaki jama’a suna ta dariya, ta yi faɗa da mai lambu har wata tsohuwa ta miƙe tana ba shi haƙuri. Da aka zo ƙofar lambu kuwa, abin da na ji tsoro shi ya faru. Ta kalli takalminsa, ta zubo layin da gudu. Shi ne ma ya ba ni mamaki. An ce ya juya kada ya waiwayo, sai ya waiwayo, ya tsaya yana kallonta har sai da na yi masa tsawa daga bayan labule. ’Yan baya suka yi dariya. Fitowar mutuwa ta yi ta lafiya lau, ta faɗi da kyau, ba ta buge kai ba.

Na cika umarninki. Labule na sauka na ce ta ɗauko jakarta, uwargida na jiranmu a mota. Muna fita ta ƙofar baya sai ga shi tsaye, ko hular kwalin bai cire ba. Ya ce, “Malam, kun ce in labule ya sauka.” Na ce, “Ba yanzu ba, ubanka na jiranka.” Auta ta leƙo ta bayan kafaɗata ta ce, “Kai Falwaya, wa ya ce ka waiwayo? Ka ɓata mana wasa. Gobe ka kawo mini laimata, ɓarawo.” Ya buɗe baki, ya kalle ni, ya rufe. Ya ce, “To.” Muka wuce.

Da safe muka tarar da laimar a rataye a ƙyauren gida. Ya ɗaure ƙarfen da ya karye da irin siririyar wayar nan ta masu agogo, aiki mai kyau ƙwarai. Ta ɗauka ta ce ko sallama bai iya ba. A hanyar makaranta ta bi ta bayan tasha ta ga shagon a buɗe, babu komai ciki sai ƙusoshin da ake rataye agogo. Mai shayin da ke gefe ne ya gaya mata.

To ga sakamako, ke mai imani da littafi. Ba ta yi kuka ba. Ba ta suma ba. Ta dawo ta ci abincinta, ta wanke kwanonta, ta yi aikin gida, abin da ba ta saba ba. Itatuwan gidana suna nan ba wanda ya yi musu magana. Na gaya miki mura ce, kuma ga alama ko atishawa ba a yi ba.

Na miƙa mata takarda ta ce tana da karatu, sai wani karon.

Naki mai nasara,
Malam

*

Malam,

Ina gaisuwa. An gyara hanya, wasiƙarka ta zo, na gane tawa ba ta riske ka a kan lokaci ba. Na karanta a tsaye a bakin injin, na zauna a ƙasa. Yanzu dai na san ta iso hannunka.

Na juya takardar gaba da baya ina neman rubutunta. Tun da na zo wurin nan ba a taɓa rufe ambulan ba tare da layukanta ba, ko ranar da take zazzaɓi sai da ta rubuta mini cewa maganin yana da ɗaci.

Kada ka ƙara gaya mini tana cin abinci. Ka gaya mini, wa take zagi yanzu? Wa take yi wa dariya? Ka ba ta biro ka fita daga ɗakin. Ta rubuta duk abin da ta ga dama, ko zagina ne, zan karɓa.

Na nemi hutu, sun ce sai an samu mai riƙe mini injin.

Uwar Auta

*

’Yar’uwa,

Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙurin jinkiri. Na fara wannan wasiƙa na yaga ba sau ɗaya ba. Lafiyar jiki dai muna da ita.

Wasiƙarki ta hannun direba ta zo bayan tawa ta tafi. Na karanta ta a ofishin malamai, amma girman kai bai bar ni na yarda nan take ba. Na ce bari in ƙara sa ido. Wannan karon ban nemi alamun littafi ba.

Kin tambaya wa take zagi. Ba kowa. Gidana ya yi tsit, har ƙaramin yaronmu ya tambayi uwarsa ko Yaya Auta ta yi tafiya, alhali tana zaune a gabansa. A aji ta bar kujerar bakin taga da suka yi shekaru suna faɗa a kanta, ta koma tsakiya. Ba ta bin bayan tasha, tana zagayawa ta wajen gidan mai, hanyar da ta ninka waccan. Laimar tana rataye a bayan ƙofar ɗakinta. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, kullum tana dawowa a jiƙe, uwargida ta yi faɗa har ta gaji. Makinta ya hau, malamai suna taya ni murna, wai yarinya ta nutsu.

Sai na yi abin da na zaci gyara ne. Na ce bari in nuna mata uwarta ta so a gaya mata, hanya ce ta hana. Na kira ta falo bayan sallar la’asar na karanta mata wasiƙarki ta hannun direba. Ban yi tunanin layin nan da kika ce in manta da wasiƙar baya ba sai da ya fita daga bakina. Ta bari na kai ƙarshe, ba ta katse ni ba, ita da ba ta taɓa barin mutum ya kai aya ba.

Ta ce, “Kawu, me ta ce a ta bayan, wadda ta ce a manta?”

Ban iya yi mata ƙarya ba. Na faɗa mata, na kuma faɗa mata nawa laifin, da roƙon da yaron ya yi a ofis.

Ta ce, “Wato ranar, a ƙofar baya, shi ya sani, kai ka sani, Umma ta sani.”

Na ce, “Haka ne.”

Ta ce, “Ni kuma na ce masa ɓarawo.”

Ta kwashe kofunan shayi ta kai kicin. Na ji ƙarar famfo, ta wanke su, ta kife.

Na nemi adireshinsu. Mai shayi bai sani ba, shagunan kuma an riga an rushe su, sauran maƙwabtan kowa ya kama gabansa. Sunan garin kawai nake da shi, na rubuta wa wata makaranta a can, shiru har yau.

Makon jiya na shiga ajin ƙasa da nasu don fara wasan nan da su, kamar kowace shekara. Na kai wurin da na saba tsayawa in yi musu barkwancin mura, sai na kasa. Ina ganin marubucin ya sa yarinyar kururuwa da hira da itatuwa ne don na kujerun baya su ji, tun da ɗakin taro babba ne. A gida ba a yin haka, kuma ni da nake cikin gidan ban ji komai ba. Kin ce gaskiya ne, na ce ƙarya ne, muka haɗu muka hana yara biyu minti kaɗan a bakin ƙofa. Ban san abin da zan gaya wa ajin ba, na ce su karanta a zuci.

Ki matsa wa ’yan asibitin a kan hutun nan. Ba na jin takarda za ta iya wannan aikin.

Na yi yadda kika ce. Na ba ta biro da shafin ƙarshe, na fita tsakar gida na daɗe. Da na dawo ta tafi ɗakinta, ta bar takardar a kan tebur da biron a kai. Ban ƙara komai ba, ban rage ba.

Ɗan’uwanki,
Malam

Umma, ina gaishe ki. Ina lafiya. Ina cin abinci.